Rumbu Yana Kiyako, Mai Shi Yana Makaranta: Me Ke Hana Shi Amsawa?

Makon nan za mu tattauna ne a kan wata dabara da ta fara yaɗuwa tsakanin ɗaliban da suka ɗan san kan kwamfuta, da kuma ciwon kan da ke biye da ita.

Dabarar ba wuya gare ta ba. Ka samu tsohuwar laftof wadda allonta ya tsage ko madannanta suka gaji, ka zuba mata duk abin da waya ba za ta iya ɗauka ba, ka bar ta a gida a kunne, ka haɗa ta da intanet. Daga nan duk inda kake sai ka shiga da wayarka ka ɗauko abin da kake so. Masana suna kiran irin wannan kwamfuta saba. Mu dai rumbu muke ce mata, don aikinta ke nan: a zuba, a riƙa ɗiba.

Namu rumbun yana Kiyako, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Masu ɗiba daga cikinsa kuwa mun warwatsu, wasu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wasu a Jami'ar Bayero ta Kano, ɗaya a Kafin Hausa. Abin da ke ciki ya haɗa da takardun darasi, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da bidiyoyin koyon lissafi, da tafsirin azumi da aka naɗa a masallacin unguwa, da bidiyon bukukuwan gida, da muryar kakarmu tana ba da labarin yadda aka yi rayuwa tun kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991. Wani zai ce ina fina-finai? Fim ɗin da mutum ya saya da kuɗinsa hakkinsa ne ya ajiye. Amma mayar da rumbu tashar raba fina-finan Kannywood kyauta cin gumin mutane ne, kuma ba shi muke koyarwa a nan ba.

To ga matsalar. Yau ka shiga lafiya, gobe ka shiga sai da'irar nan ta yi ta juyawa. Jibi ya buɗe, amma bidiyo yana tafiya yana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Kuma ba ya zaɓar ranar da zai ƙi sai daren jarrabawa. Idan ka tambayi mai rumbun, amsa ɗaya ce: "Wallahi sabis ne." Wannan amsar ita muke so a daina. Tsakanin wayarka a ɗakin kwanan ɗalibai da laftof ɗin da ke ɗakin Inna akwai mahaɗai da yawa, kowanne da irin tasa cutar, kuma kowace cuta da alamarta. Wanda ya tattara su duka ya kira su "sabis" zai yi ta sayen data yana sauya layi, alhali wataƙila filogi ne kawai aka zare.

Don haka a fara da abin da ya fi kowanne araha, wato kiran gida. Duk mai rumbu yana bukatar mutum ɗaya a gida wanda zai zama idonsa. Mu ƙanwarmu ce, 'yar aji biyu a babbar sakandare.

"Ke, duba mini rautar nan, fitila nawa ke ci?"

"Yaya, babu ko ɗaya. Inna ce ta cire ta sa cajin tocila."

Shi ke nan, bincike ya ƙare cikin daƙiƙa ashirin. Inna kuma ba ta yi laifi ba, soket ɗaya ne a ɗakin, tocila kuwa ta fi mata amfani da dare fiye da wata na'ura mai ƙyafta ido a kan kanta. Maganin wannan shi ne a sayo soket mai baki huɗu, a ɗaure filogin rauta da na laftof da jan zare, kowa a gidan ya san ba a taɓa mai jan zare.

Wuta ita ce uwar matsalolin. A yankinmu wanda zai bar kwamfuta a kunne dare da rana dole ya dogara da sola da batir, kuma a nan lissafi yake shigowa. A ɗauka laftof da rauta tare suna jan wat 20. A awa 24 ke nan sun sha wat-awa 480. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma irin batiran gubar da aka fi samu a kasuwa ba a son a zuƙe su fiye da rabi, in ba haka ba su mutu da wuri. Saura 600 ke nan, kuma da shi ake kunna fanka da ƙwan fitila, ana cajin wayoyin gida da na maƙwabta. Shi ya sa rumbu da yawa suke mutuwa da asuba su farfaɗo da hantsi. Idan ka lura naka yana ɓacewa tsakanin ƙarfe uku na dare zuwa tara na safe, musamman a watan Agusta da hadari ke rufe rana kwana biyu a jere, to kada ka zagi kamfanin waya. Batir ne.

A nan laftof ta fi babbar kwamfutar tebur, domin batirinta na ciki yana riƙe ta idan wuta ta ɗan yanke. Sai dai tana da nata halin. Idan aka rufe murfinta barci take yi, idan aka daɗe ba a taɓa ta ba ma barci take yi, kuma mai barci ba ya amsa sallama. Sai an shiga saitin wuta an gaya mata kada ta yi barci matuƙar tana jone da caji, kuma rufe murfi kada ya sa ta yi komai. Mai kwamfutar tebur kuma ya shiga BIOS ya nemi wurin da ake umartar ta ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo. Ita ma manhajar rumbun a saita ta ta tashi tare da kwamfutar, ba sai wani ya zo ya danna ba. Rauta kuwa akwai ƙaramin batir na musamman da ake sayarwa don ita, ko kuma a yi amfani da MiFi mai batirin kanta.

Zafi da ƙura su ma suna da rabonsu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin yankinmu yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Laftof da ta sha ƙurar hunturu har fankarta ta toshe za ta rage gudu, in abin ya yi yawa ta kashe kanta don kada ta ƙone. Alamarta ita ce ɓacewa da tsakar rana. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a ɗaga ta a kan bulo biyu iska ta riƙa bi ta ƙasa, a kai ta wurin mai gyara a hure ta bayan kowane hunturu.

Idan wuta lafiya, fitilu suna ci, sai a duba layin da ke cikin rautar. Data tana ƙarewa, kuma ko ba ta ƙare ba wa'adinta yana cika. Mai sayen ta wata ɗaya ya rubuta ranar a bango. Layin kansa yana iya samun matsala. Lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe na haɗa layi da lambar NIN, abu ne mai sauƙi a manta da irin layukan da ke kwance cikin rauta, tunda ba wanda ke karanta saƙonnin da ake turo musu. Gwajin mai sauƙi ne: ƙanwa ta haɗa wayarta da rautar ta buɗe kowane shafi. In ya buɗe, layi yana da rai.

Yanzu mun zo ga babbar magana, wadda ita ce ke kayar da yawancin masu farawa. A cikin gida komai yana aiki sumul. Kana fita ƙofar gida ka koma datar wayarka, shiru. Ka bi duk bayanan da Turawa suke yi a YouTube, ka buɗe ƙofa ta 8096 idan Jellyfin kake amfani da ita, ko ta 32400 idan Plex ce, amma har yanzu shiru. Ba kai ne ka kasa ba. Su waɗannan masu bayanin intanet ɗinsu ta waya ce da aka ja har cikin gida, sau da yawa da adireshinta na kanta. Taka kuwa ta sim ce.

Ga yadda abin yake. Kowace na'ura da ke intanet tana bukatar lambar adireshi, wadda ake kira IP. Tsohon tsarin lambobin, IPv4, adireshi kimanin biliyan 4.3 kawai yake da su, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8 tun Nuwamba 2022, ga shi wani yana da waya biyu da laftof. Babbar ma'ajiyar lambobin ta duniya ta raba na ƙarshe da ke hannunta tun Fabrairu 2011. An fito da sabon tsari, IPv6, amma bai game ko'ina ba. Saboda haka kamfanonin waya suke tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, dabarar da ake kira CGNAT.

Ku ɗauki misalin babban gidan haya mai ɗaki ɗari da ƙofa ɗaya, da mai gadi a zaure. Idan ɗan haya ya aiki yaro kasuwa, mai gadi ya ga fitarsa, don haka in ya dawo da saƙo ya san ɗakin da zai nuna masa. Amma baƙon da ya zo daga waje ya ce "ina neman mai gidan nan", wa za a kira masa? Mai gadi sai ya ce ya koma. Rautarka ɗaki ce a cikin wannan gida. Ƙofar da ka buɗe ta ɗakinka ce, ba ta zaure ba, kuma makullin zaure ba ya hannunka.

Kana iya tabbatarwa da kanka. Shiga shafin saitin rauta ka duba adireshin da kamfani ya ba ta, sannan ka tambayi Google adireshin da duniya ke ganin ka da shi. In sun bambanta, kana bayan mai gadi. In na rautar ya fara da 10, ko da wata lamba daga 100.64 zuwa 100.127, magana ta ƙare. Masu cewa a sayi Starlink a huta su ma su sani: ta shigo Nijeriya a Janairu 2023, ƙasa ta farko a Afirka, gudunta kuma ba a magana, amma tsarinta na gidaje shi ma a bayan CGNAT yake. Ga tsadar da ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Mafita ita ce kada a jira baƙo ya ƙwanƙwasa. Su biyun, rumbu da waya, kowa ya fito da kansa su haɗu a waje, tunda mai gadi ba ya hana fita. Manhajoji irin su Tailscale da ZeroTier aikin da suke yi ke nan. Ka sa manhajar a laftof, ka sa ta a waya, ka shiga da asusu ɗaya, sai ta zama kamar dillalin da ya gabatar da su ga juna ya koma gefe. Kowace na'ura tana samun adireshi na dindindin wanda 'yan rukuninku kaɗai ke gani, abin da ke wucewa tsakaninsu kuma a kulle yake. Don amfanin mutum na kansa akwai tsarin kyauta. A ganinmu wannan ce hanyar da ta dace da ɗalibi, ba don sauƙinta kaɗai ba. Ko da a ce layinka yana ba da damar buɗe ƙofa ga duniya, ka tuna abin da ke cikin rumbun. Akwai bidiyon kamu da na wuni, akwai hotunan yayyenka da ƙannenka mata. A intanet akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna murɗa ƙofofi. Kalmar sirri irin "kiyako123" ba za ta tsayar da su ba, kuma bidiyon da ya fita ba ya dawowa.

Ita ma wannan hanyar tana da 'yan tarkunanta. Tailscale tana sa makullin kowace na'ura ya daina aiki bayan kwana 180 sai an sake shiga, wato rumbu zai yi wata shida lafiya sannan wata rana ya ɓace ba gaira ba dalili. Ana iya kashe wannan wa'adin ga laftof ɗin gida tun ranar farko. Na biyu, wayar Android VPN ɗaya take ɗauka a lokaci guda, ita kuma Tailscale a matsayin VPN waya ke kallonta. Da zarar ka kunna wata manhajar VPN, irin waɗanda ɗalibai ke rububi a kansu, ta ture wannan. Na uku, tsarin tattalin batir na wayoyi da yawa yana kashe manhajar da ke aiki a bayan fage, sai an cire ta daga jerin waɗanda ake kashewa. Wani lokaci kuma intanet ɗin makaranta ce ke hana haɗuwar kai tsaye, sai saƙon ya zagaya ta wata tasha mai nisa, gudu ya ragu. Gwada da datar wayarka, nan take za ka gane.

Akwai wata 'yar ƙaramar cuta ta cikin gida da ta cancanci layi biyu. Duk lokacin da rauta ta mutu ta tashi tana iya sauya wa laftof lambar ɗaki, jiya 192.168.0.101, yau 102. Wanda ya ajiye tsohuwar lambar a manhajarsa sai ya yi ta sallama a ɗakin da ba kowa. A saitin rauta akwai wurin da ake ware wa na'ura lamba ɗaya ta zama tata.

Game da zaɓin manhajar rumbu, Plex ta fi kyan gani, amma daga 29 ga Afrilu 2025 kamfanin ya mayar da kallon bidiyon kanka daga wajen gida abin biya, kuɗin kuma na waje ne. Jellyfin, wadda masu sa kai suka ɓalle da ita daga Emby a 2018, kyauta ce gaba ɗaya. Ɗalibin da ke ƙirga kuɗin garin kwaki ya san wadda zai ɗauka.

To an haɗu, ƙofa ta buɗe, amma bidiyo yana sarƙewa. Nan kuma wani lissafin ne. Idan muna yabon sabis, saurin saukewa muke nufi. Rumbu kuwa aikawa yake yi, kuma a layin waya saurin aikawa yawanci bai kai na saukewa ba, balle a ɗakin da ke nesa da ƙarfen sabis, balle kuma da daddare bayan isha'i lokacin da duk gari ya hau TikTok, ko ranar kasuwa da baƙi suka cika gari. A sa ƙanwa ta gwada saurin aikawa da safe, da rana, da dare. In ya tsaya a megabit 2, bidiyon da ke bukatar megabit 8 ba zai taɓa tafiya daidai ba ko da wace irin waya kake da ita. Ɗaga rauta zuwa taga mai kallon ƙarfen sabis yana taimakawa fiye da yadda ake zato.

Sannan ga kuɗi. Bidiyo mai megabit 2 a daƙiƙa yana cin megabait 900 a awa ɗaya. Kuma sau biyu ake biya: layin gida ya biya na aikawa, layin wayarka ya biya na saukewa. Darasin awa ɗaya ya tashi a giga 1.8 ke nan. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025, wannan ba lissafin wasa ba ne. Murya kuwa mai kilobit 64 ba ta kai megabait 30 a awa ba. Tafsiri, da karatun littafi, da mafi yawan laccoci, kunne suke bukata ba ido ba. A cire muryar a ajiye ta daban.

Manhajar rumbu tana iya rage nauyin bidiyo nan take yayin da kake kallo, amma wannan aiki ne mai nauyi, tsohuwar laftof sai ta yi ta haki, ta yi zafi, ta shanye batir. Gara a rage shi tun a lokacin hutu da manhajar HandBrake, wadda ita ma kyauta ce, a mayar da shi 480p. Rubutun allo yana karantuwa a haka a fuskar waya.

Wani lokaci kuma laifin ba na gida ba ne, ba na makaranta ba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta rikice a ƙasashe da dama, har bankuna a Nijeriya suka ji a jikinsu. A irin wannan rana ba abin da ƙanwarka za ta danna ya gyaru. Alamarta ita ce kowa a ajinku yana kuka iri ɗaya.

Abin da ya fi yi mana amfani a duk wannan ba manhaja ba ce, littafin rubutu ne mai shafi arba'in. Duk lokacin da rumbu ya ƙi amsawa a rubuta rana, da ƙarfe nawa ne, da layin da aka gwada da shi, da abin da na gida ya gani. Cikin mako biyu zane yake fitowa da kansa: na asuba batir, na tsakar rana zafi, na bayan isha'i cunkoso, na ƙarshen wata data. A kuma liƙa wa na gida takarda a bango da matakai cikin Hausa: duba jan zare, duba fitila, kashe rauta ka ƙirga talatin ka kunna, duba ko laftof tana ci. Kuma a riƙa tura masa ɗan kati, don aiki yake yi.

Abubuwa biyu kuma kada a bar su ga rumbu shi kaɗai. Takardun da za ka karanta a makon jarrabawa ka sauke su a wayarka tun kafin makon ya zo. Abin da kuma babu shi a ko'ina sai nan, kamar muryar kaka da bidiyon bikin Yaya, a kwafe shi a wani faifan ajiya daban a kai gidan kawu a Birnin Kudu ko Gwaram, domin faifan da ke cikin laftof mai shekara goma yana iya tsayawa ba sallama, tsawar damina kuma tana iya bi ta wayar caji.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi matakan sa Jellyfin a tsohuwar laftof ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga ya fara littafin rubutunsa ya aiko mana da abin da ya gani a makon farko.